Sunan Babandi a Fim Ɗin Akuya

Ni dai tun farko na ce masa ban ga amfanin wannan talla ba. Mutum ya shekara aru-aru yana gasa balangu a bakin hanyar Shabu, a kan tukubar da ubansa ya gina da hannunsa. Direbobi sun san shi, 'yan okada sun san shi, ɗaliban makarantar noma ma hanci ke kai su wurinsa. To tallar me kuma? Amma Babandi, mijina, irin masu shiru-shirun nan ne da in suka sa abu a rai sai sun yi. Kada ku ce na kama sunan miji gatsau. Babandi laƙabi ne, sunan yankan kuwa ba za ku ji shi a bakina ba.

Wanda ya ja mana abin nan Muntaka ne mai fassarar fim, mai shago a bayan tasha. Aikinsa shi ne ya samo fim ɗin wata ƙasa, ya kashe muryoyin mutanen ciki, ya ɗora tasa da Hausa. Shi ne tsoho, shi ne budurwa, in kare ya yi haushi ma shi ne. Yarensu kuwa ko gaisuwa bai iya ba, bakinsu da hannayensu yake kallo ya ƙirƙiro abin da ya ga dama. Kuma ba ya barin kowa da sunan ƙasarsu, sai ya raɗa masa na gida. Masu shaguna a Lafia har rububi suke a sa sunansu a ciki. Babandi ya ga ana yi wa masu takalma da masu gyaran waya, shi ma ransa ya biya. Ya dinga aika wa Muntaka ƙunshin nama, shi kuma ya yi masa alkawari, ranar da ya sami fim ɗin da akwai mai gashin nama a ciki, to nasa ne.

Ya kuwa samu. A kashi na ɗaya akwai wani dattijo mai masauki a kan tsauni, fuska a sake, kullum da farin tawul a kafaɗa. Duk baƙon da ya sauka sai ya ɗura masa miya ya gasa masa nama, ko godiya ba ya tsayawa karɓa. Muntaka ya raɗa masa Babandi. Ni ban kalla ba, ba ruwana da fim, amma na ga abin da ya biyo baya. Tukuba ta cika har ana turereniya. Mijin nan nawa da dariyarsa ke da tsada sai ga shi yana dawowa gida haƙora a waje. Har farin tawul ya saya ya dinga ratayawa a kafaɗa, na ce masa saura ka sayi tsaunin.

Akwai abu ɗaya da bai taɓa fasawa ba tun ina amarya. Kullum in ya tashi gab da magariba sai ya zo mini da ƙunshi a takardar siminti, tsokar gadon baya, wadda ko wa ya zo ba ya sayar masa. Ya ajiye a gabana, ya kife turmi ya zauna yana kallona ina ci. Ni kuma in ce yaji ya yi yawa, ko gishiri ya yi kaɗan, don dai kada kansa ya kumbura. Kafin in gama mitar na cinye har albasar.

Sai kashi na biyu ya fito.

Ranar farko ya dawo da rabin nama, ya ce wai ranar ce haka. Washegari ya dawo da tiren a cike, tawul ɗin a cuse a aljihu. Da aka kwana biyu ana haka, na ga mutumin da ke yanka akuya da rago kullum yana raba wa maƙwabta nama a kyauta, wasu ma in an kai musu sai su ce sun ƙoshi. Sun ƙoshi! A unguwar da in an soya albasa kawai yara suke leƙowa.

Na tsare shi a tsakar gida na ce sai ya gaya mini.

Ya daɗe yana juya tafin hannunsa yana kallo, sannan ya ce, "Jumai, ba rashin cinikin ne ya dame ni ba. Yadda suke kallon hannuna ne. In Juma'a ta zagayo ba wanda ya ci, zan rushe tukubar nan in koma gona a Adogi."

Na ce, "Tukubar Baba? A kan fim?"

Ya tashi ya ɗauki buta.

Da hantsi na yafa mayafi na nufi bakin hanya. Na hango shi shi kaɗai a tsaye yana korar ƙuda, nama sai ƙyalli yake, hayaƙi na tashi ba kowa. Mutanensa kuwa suna can tsallaken titi a gindin mangwaro, inda Hannatu ta mayar da kulolinta. Hannatu ita ce mai kunun aya da zoɓo, shekara da shekaru teburinta na manne da tukubarsa, in an ci nama a kora da kununta. A gefenta ga Terkimbi, ɗan okada, wanda bai taɓa wuce azahar bai ci naman Babandi ba. Da shi da wasu abokan aikinsa sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ta ɓaɓɓaka dariya.

Na ce, "Hannatu, har da ke?"

Ta sunkuyar da kai. "Maman Rahmat, wallahi ba don komai ba ne. Hayaƙin ne. In ya bugi hancina sai in tuna."

"Ki tuna me?"

Ai kamar jira suke. Terkimbi ya miƙe tsaye, ya ce, "Madam, ba ki kalla ba? Kai, kin yi asara. Wannan miyan da Babandi na fim ke ba baƙi, ashe magani ne. In ka sha, small small za ka fara zama akuya. Akwai wani ango, ya zo da amaryansa. Da safe ya tashi yana goge baki, ya ji abu a harshe, ya ja, gashi ne. Ya ja, ya ja, gashin bai ƙare ba, daga cikin maƙogwaro yake fitowa, jiƙe da yawu."

Hannatu ta tofar da yawu gefe ta ce, "Tir! Bar wannan. Yatsun fa? Yatsunsa suka manne biyu-biyu, fatar ta dinga saɓulewa kamar an tafasa ganda, farce ya baƙanta ya zama kofato. Shi kuma yana ta ƙoƙarin danna waya ya kira mamansa."

"A nan ne na faɗi ƙasa don dariya," in ji Terkimbi. "Ya kira maman, zai ce Mama, sai mee ya fito. Maman ta ce wa ke wasa da ita, ta kashe."

Na ce, "Wannan ne abin dariya? Ɗan mutum yana neman uwarsa?"

"Madam, fim ɗin barkwanci ne fa. Ki ga wurin cin abinci. Ya sa kwat, ya zauna da manyan mutane yana ɓoye hannu a ƙarƙashin tebur. Sai ga kashin awaki na gangarowa ta ƙafar wando, ƙwal, ƙwal, ƙwal, a kan tayil. Wani mai kuɗi ya tsinci ɗaya, ya zaci gyaɗa ne."

Sauran suka sake fashewa. Wani daga cikinsu ya ce shi inda ya fi so shi ne inda angon ya cinye mayafin amarya yana kuka yana ba ta haƙuri, bakin kuma bai daina taunawa ba. Wani ya ce a'a, inda ƙahon ya fito ne, goshi ya kumbura ya nuna, ya fashe, mugunya ta yi tsartuwa har cikin kofin shayi. Suka kama gardama, wannan na cewa fim ɗin ban tsoro ne, wancan na cewa ina tsoro a ciki, ai wasa ne. Hannatu ta ce ita ba ta ga tsoro ba, ba ta ga wasa ba, ƙazanta kawai ta gani, kuma duk wanda ya zauna ya shirya wannan abu a kai shi a duba kansa. Na ce mata a haɗa da masu kallo.

Fushi ya taso mini. Na ce, "To na ji. Turawa ne ko su waye sun yi haukansu. Mene ne haɗinsa da mijina? Terkimbi, kai ba da idonka kake ganinsa yana jawo akuya daga kasuwa ba? Ba kai kake ɗauko masa wani lokaci a bayan mashin ba? Ka taɓa jin ta gaishe ka?"

Ya daina dariya, ya sosa ƙeya. "Madam, mun sani. Wallahi Oga mutumin kirki ne, ba wanda ya ce yana yanka mutum. Kai ya san ƙarya ne. Ciki ne bai sani ba. Jiya na je zan saya, na ga yatsunsa a kan nama, sai na tuna ƙarshen fim ɗin."

"Mene ne a ƙarshen?"

Suka kalli juna. Hannatu ta ce, "Wannan kam ba zan faɗa da bakina ba. Je ki wurin Muntaka."

Na ce musu dukkansu ragwaye ne, ƙattin banza masu gemu da hoto ya hana cin abinci. Na ce ni Jumai ko fim ɗin me aka nuna mini ba zai shiga tsakanina da loma ba. Na faɗa da ƙarfi don Babandi ya ji daga tsallake, na tare keke napep na ce a kai ni bayan tasha.

Shagon Muntaka wani ɗan akurki ne, an lulluɓe bangon da katifun soso, ba taga, sai zafi da warin takalmi. Na same shi da abin ji a kunne yana maƙe murya yana kukan mace a gaban makirfo. Da ya gan ni ya zabura har ya ture kujera.

"Anti Jumai, sannu da zuwa. Wallahi ina nan ina shirin zuwa gida."

Na ce, "Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kunna mini."

"Anti, gara dai in ba ki labari."

"Gani ya kori ji. Kunna."

Ya kunna. Na zauna a kan benci na harɗe hannu. Abin da su Terkimbi suka faɗa duk gaskiya ne, sai dai baki bai iya kai shi inda ido ya kai ba. Ba su gaya mini idon ba, yadda baƙin ya narke ya kwanta a gicciye irin na akuya, angon yana kallon kansa a madubi hawaye na zuba. Ba su gaya mini yadda haƙoransa na sama suka zube a cikin kwanon miya ba, yana tsamo su da cokali ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk wannan masifa ana yi ana kaɗa wani kiɗa na wasan yara, ana dariya a baya. A'uzubillahi. Ga dattijon nan yana zagayawa da farin tawul yana shafa bayan angon yana latsa cinyarsa, Muntaka kuma da murya mai kauri yana cewa, "Ni ne Babandi, ci ka ƙoshi ɗana, ka kusa nuna."

Sai aka zo ƙarshen. Angon ya gama zama bunsuru, saura leɓe na mutum da hannu ɗaya da bai ƙarasa juyewa ba, zoben aure na maƙale a yatsa. Dattijon ya ja shi bayan gida. Aka nuno wuta, aka nuno nama yana tsiyayar mai a kan wayar gashi, jajir, irin wanda Babandi ke fitarwa in ya so burge baƙo. Aka kawo wa sababbin baƙi a faranti. Wata mata ta ɗauki yanka ta sa a baki tana lumshe ido, ta tauna, ta tauna, sai ta tsaya. Ta sa yatsa ta zaro abu daga tsakanin haƙoranta, farcen mutum ne, da ɗan nama a jikinsa. Ta dube shi, ta goge a tufafinta, ta yi sakace da shi, ta ci gaba da ci.

Daidai nan, wallahi daidai nan, muryar Muntaka ta canza ta koma ta talla, da fara'arta: "Jama'a, in kuna son irin wannan nama mai laushi, ku garzaya bakin hanyar Shabu wurin Babandi mai balangu. Sai ka tauna za ka san hannu ne ya yi aiki."

Yawu ya cika mini baki, mai ɗumi, na haɗiye da ƙyar. Na ce, "Kashe."

Ya kashe. Na dube shi na ce, "Muntaka, me mijina ya yi maka? Naman da ya dinga aiko maka guba ne a ciki?"

Ya durƙusa. "Anti, wallahi alheri na nufa. Mu yadda muke aiki, kashi-kashi muke yi. In na fassara rabin farko sai in sake shi ya shiga gari, in mutane sun karɓa sannan in buɗe sauran. Ba mai lokacin zama ya kalli fim har ƙarshe kafin ya fara. Na ga tsoho mai kirki yana ciyar da mutane, na ce wannan ai Baba Babandi ne sak. Da na buɗe kashi na biyu na ga abin da yake yi, suna ya riga ya zauna, ba a canza wa mutum suna a tsakiyar fim."

"To tallar fa? Ita ma zama ta yi?"

"Talla a inda ba mai tsallakewa ake sa ta, Anti. Kuma na ga nama a kan wuta, na ce ga wurin da ya dace."

Na ce, "Wurin da ya dace. Allah ya shirye ka, in kuma ba mai shiryuwa ba ne ya nisanta mu da kai. Yanzu ka goge shi."

Ya ce ko ya goge nasa ihu ne bayan hari. Masu tura fim a waya sun karɓa, ya shiga Agyaragu, ya shiga Adogi, wani direba ma ya ce ya gan shi a wayar fasinja. Wai in ina so zai sake fassarawa ya ba tsohon wani suna. Na ce sunan mijin wace za ka ba shi? Na bar shi a durƙushe na fito, iska ta buge ni. Garin neman ƙiba mun samo rama.

Ban gaya wa Babandi na kalla ba. Ran nan da ya kawo ƙunshi na ce na sha kunu cikina ya cika, na ba Rahmat, 'yarmu, ta kai wa ƙawayenta. Washegari na ce ciwon haƙori.

Juma'a ta zo. Na ga ya fito da diga ya jingine a zaure kafin ya tafi. Na san da gaske yake, in ya sauko masallaci bai ga kowa ba zai dawo ya ɗauka. Na yi wanka, na ɗaura atamfar da nake zuwa biki da ita, na kafa ɗauri, na ɗauki kujera 'yar tsugunno na nufi bakin hanya daidai lokacin da ake saukowa.

Kun san dai a garin nan matar aure mai shekaruna ba ta zama a gaban tukuba ta ci nama a titi, balle matar mai tukubar. Shi ya sa na yi. Na dasa kujera a gabansa, na zauna, na ce da ƙarfi, "Mai nama, a yanko mini. Na akuya nake so."

Babandi ya zaro ido. A hankali ya ce, "Jumai, mene ne haka? Tashi ki tafi gida."

"Ka yanko, ko in yanka da kaina."

Kafin ya gama barbaɗa yaji an taru. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya da dardumarsu a kafaɗa, 'yan okada suka kashe mashin, Hannatu ta tsallako tana riƙe da haɓa. Ya miƙo mini takardar. Na dubi naman, ya gasu yadda ya kamata, mai na naso a takarda. Na dubi yatsun da suka miƙo mini, yatsun da na sani tun ina yarinya, da tabon wuƙa a babban. Sai ga matar nan ta fim a idona tana sakace.

Na yi bisimilla na jefa yanka a baki. Na tauna. Wani mara kunya daga baya ya maƙe murya ya yi kukan akuya, aka kwashe da dariya. Haƙorina ya ci karo da guringuntsi, ƙaras, duk jikina ya yi yar, cikina ya yunƙuro har ƙirji. Na ce a raina, Jumai, in kika yi amai a nan kin rushe tukubar nan da kanki, ba sai an ɗauko diga ba. Na runtse ido na haɗiye. Na ɗauki na biyu.

Na ce, baki cike, "Wanda ya yi kukan nan ya matso mana, mu ga ko shi ma ya kusa nuna."

Dariyar ta juya kansa. Na ci na uku, na ci na huɗu, gumi na bin bayana. Na dubi Terkimbi na ce, "Kai mai cikin da bai sani ba. Ga mace tana ci, kai kana tsaye da wando."

Abokansa suka yi masa ca. Ya yi dariyar kunya ya matso ya ce, "Oga, yanko mini small." Ya sa a baki yana yamutsa fuska, ya tauna, sai fuskar ta saki. Ya ce, "Kai, na yi kewar abin nan. Ƙara." Wani ya bi bayansa, wani ya bi. Wani ɗalibi ya ce a ba shi cinyar ango, aka yi ihu, Babandi ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Hannatu ta aika aka ɗauko mata teburinta.

Na cinye tas, na ɗaga takardar sama kowa ya gani, na ɗauki kujerata na tafi a hankali kamar ba komai. Sai da na sha kwanar layinmu, bayan gidan da ba a ƙarasa ginawa ba, na durƙusa. Duk abin da na ci ya dawo, har da wanda ban ci ba. Na share bakina da gefen zane na shiga gida na kwanta.

Gab da magariba na ji sallamarsa. Ya ɗauke digar daga zaure ya mayar bayan ɗaki. Tiren wayam, tawul ɗin ya koma kafaɗa. Ya ce nama bai kai la'asar ba, har wasu sun ce gobe a ajiye musu. Ya ce, "Jumai, yau kin yi abin da ban taɓa zato ba." Sannan ya zaro ƙunshin daga aljihu ya ajiye a gabana, ya kife turmi ya zauna.

Na buɗe. Tsokar gadon baya ce, da ɗuminta. Ashe duk rububin da aka yi ya ɓoye mini ita. Ƙanshin ya bugi hancina, yawun nan mai ɗumi ya sake taruwa. Na ɗauki yanka, na kai har leɓe, hannuna ya tsaya. Na ce, "Yajin nan ya yi yawa." Na jira bakina ya ƙarasa aikinsa kamar kullum, ya ƙi buɗewa.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kin kalla."

Na ce, "Na kalla."

"Har ke, Jumai?"

Na so in ce masa kai ya san ƙarya ne, na tuna bakin wanda na ji maganar, na fasa. Hawaye suka zubo mini, na haushi da na kunya. Ya miƙo hannu zai karɓi yankan, ni kuma ban san lokacin da na janye nawa hannun ba don kada yatsunsa su taɓa ni. Ya gani. Ya naɗe takardar a hankali ya mayar aljihu, ya ce, "Bar shi. Kin ci wanda ya fi wuya."

Tukuba tana nan, ciniki har ya fi da. Samari sun mayar da abin wasa, Terkimbi kullum sai ya yi kukan akuya kafin ya saya. Duk Lafia na cin naman Babandi. Muntaka kuwa in ya hango ni canza hanya yake, kuma gara da yake yi.

Washegarin Juma'ar nan na ji tsayuwar Babandi a ƙofar gida, bai shigo ba. Na leƙa na gan shi a tsugune a bakin famfo da sabulu, yana cuɗa hannayensa, yana bin ƙarƙashin kowane farce da tsinke. Ya daɗe yana yi. Da ya shigo na dubi aljihunsa, babu komai a ciki. Ya yi mini sannu da gida, ya wuce turmin ya shiga ɗaki.